Ranar da Na Kwashe Kayan Ɗakina da Hannuna

Ban taɓa kishin gwal ɗin kowa ba, ban taɓa kishin motar wata ko lefenta ba. Abin da ya ci mini rai shekara da shekaru shi ne falon ƙanwata, falon da kusan babu komai a cikinsa. In na faɗa wa mutane sai su yi dariya, su ce ina aka taɓa kishin fili. To ni na yi, kuma ya kai ni ga aikata abin da har yau in na tuna sai na rufe fuska da mayafi ko ni kaɗai ce a ɗaki.

Mu uku ne a wurin Innarmu a Bungudu, mata biyu da namiji a tsakani. Ni ce 'yar fari, ita ce auta, shekara goma sha biyu na ba ta. Duk wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da wannan yake nufi. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa ko ya yi abin yabo. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. "Ke" take ce mini, in kuma da wani take magana ta ce "waccan". Auta kuwa a cinya ta girma, sunanta ma har waƙa Inna take yi da shi in tana tankaɗe. Na san kunya ce ba ƙiyayya ba, an sha gaya mini. Sanin bai taɓa hana ni jin zafin ba.

Wuri ɗaya Inna ta yi mini magana da babbar murya, shi ne a kayan ɗakina. Tun ina firamare take tara su da sana'arta ta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Yau langa, wata mai zuwa samira, bayan kaka fanteka, duk tana turawa ƙarƙashin gadonta har sai da tsintsiya ta daina shiga. Da na gama karatun koyarwa aka ɗaura mini aure da wani ɗan Tsafe mai fataucin hatsi, aka kawo ni Tudun Wada a Gusau, gwaggonnina suka kwana biyu suna jere. Kwano bisa kwano, tasa bisa tasa, tangaram a sama, har kabad ɗin gilashi ya cika ya tumbatsa. A ƙarshe babbar gwaggo ta zaro wani baƙin akushi daga cikin tsumma ta miƙo mini.

"Wanga na kakarku na," ta ce. "Ɗiyar fari aka ba shi. Uwarki ta ce a damƙa maki hannu da hannu."

Na karɓa na yi godiya. Da suka tafi na duba shi a gefen farantan da ke walƙiya, na ga ya yi mini ƙauyanci, sai na tura shi can ƙasan kabad a bayan kuloli. Ita Inna ba ta zo jeren ba, uwa ba ta zuwa. Sai bayan wata uku ta biyo, wai dubiyar wata 'yar'uwa ce ta kawo ta gari. Ta zauna a bakin ƙofa, ta bi kabad ɗin da ido daga sama har ƙasa, ta ce, "To, ba laihi." Na daɗe ina ɗumama raina da wannan kalma.

Da auren auta ya zo, sai ta tayar da ƙura a dangi. Ita zanen gine-gine ta karanta, ta dawo da wasu ra'ayoyi da ba mu san kansu ba. Ta ce ba ta son jere. Gado, tukwane huɗu, farantan da za a ci abinci, shi ke nan. Alhali Inna ta tara mata nata kamar yadda ta tara mini, har ma sun fi nawa zamani. Gwaggonni suka yi faɗa, suka yi lallashi, suka ce za a ce uwarta ta gaza. Yarinyar nan ta durƙusa tana ba da haƙuri cikin ladabi, amma ko taku ɗaya ba ta ja da baya ba. Inna ta yi kwana biyu ba ta cin abincin kirki. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Na ce yau dai 'yar lelen ta nuna halinta. Bayan biki ƙanena ya zo gidana da mota cike da kwalayen kayan da auta ta ƙi, ya ce Inna ta ce in ajiye, ni na san darajarsu. Na sa kafinta ya yi mini kabad na biyu.

Bari in faɗi yadda falona yake a lokacin, don a san daga inda na fito. Kabad biyu sun cinye bango guda. Kujerun kushin manya guda bakwai, masu hannu kamar cinyar sa. Teburin tsakiya na gilashi da 'ya'yansa huɗu. Durowar talabijin, furannin roba a kowace kusurwa, agogon bango uku waɗanda ɗaya ne kawai yake aiki, labule mai hawa biyu da geza. Mai shiga sai ya karkace. Maigidana ya daina ƙorafin bugewa a ƙauri, ya koyi hanyarsa kamar yadda ya san ramukan titin Tsafe. Duk Asabar ina sauke kaya in goge in mayar, tun hantsi har la'asar, bayana yana ciwo, amma in baƙuwa ta shigo ta ce "Masha Allahu" sai in ji ciwon ya tafi.

Ranar da na fara shiga gidan ƙanwata na tsaya a ƙofar falo na ce, "Ke, ɓarayi sunka shigo maki?"

Ta yi dariya ta ce, "Shigo dai, Yaya."

Bangon kalar madara ne, babu hoto, babu kalanda. A ƙasa tabarmar kaba ce babba, saƙar hannu, irin wadda ake samu a kasuwar Mada. A jikin bango ɗaya akwai dogon benci mai katifa, gajere, da durowoyi a ƙarƙashinsa inda take zuba barguna da dardumai. Tum-tum shida a jere. Tebur ɗaya mai naɗewa a jingine bayan ƙofa. Kayanta duk suna cikin wani kabad da aka gina a cikin bango, ƙofofinsa kalar bangon, sai ta buɗe na san yana nan. Tagogi biyu suna kallon juna, da farin labule mara ado, iska tana shiga ta nan tana fita ta can. A bangon gabas ta sa magini ya bar mata alkuki, irin ɗan gurbin nan da kakanninmu suke ajiye fitila, kuma babu komai a ciki.

"Nan fa mi za a sa?" na tambaya.

"Ban samu abin da ya dace ba tukuna."

Na koma gida na ba maƙwabciyata labari muna ta dariya. Na ce falon kamar ɗakin jiran likita. Na ce rowa ce aka yi wa fenti. Duk abin da bakina ya iya na faɗa, kuma duk ƙarya nake yi, don tun a cikin keken da ya dawo da ni falon ya ƙi fita daga raina.

Abin ya fito fili ranar sunan ɗanta na fari. Mata sun fi talatin a falon nan, kowa ta samu wurin miƙe ƙafa. Aka shimfiɗa leda aka ci abinci, aka naɗe. Azahar ta yi, aka ja tum-tum gefe, aka yi sahu uku aka yi salla. Na tuna ranar sunan autana, yadda muka yi ta ciccibar kujeru zuwa tsakar gida, yadda wata ta jingina da kabad gilashi ya tsage, yadda na wuni idona yana kan yaran mutane. Da taro ya watse, ƙanwata ta ɗauki tsintsiya, kafin in gama ninke mayafina falon ya koma yadda yake. Na ce bari in ɗan kishingiɗa a bencin nan. Ban farka ba sai da la'asar sakaliya ta yi, barcin da na manta rabona da irinsa. Na tashi ina jin haushinta kamar ta zage ni. Yarinyar da ta watsa wa Inna ƙasa a ido, ita ce take zaune cikin wannan sanyi, ni da na rungumi komai ina fama da ciwon baya.

Haka muka yi shekaru, ina zuwa ina kushewa, ina dawowa ina ƙuna. Da a nan abin ya tsaya da ban rubuta wannan ba.

Wata damina Inna ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta na hagu ya saki. Allah ya taƙaita, bakinta bai karkace sosai ba, hankalinta garau. Likita a Gusau ya ce za a riƙa yi mata gashin ƙashi sau uku a mako, kuma lallai ta riƙa tattaki a gida da wani ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu. Ba a ma yi shawarar inda za ta zauna ba. Gidan babba ake sauka, kowa ya sani. Na yi murna irin wadda bai kamata a yi a kan ciwo ba. Shekara arba'in da ɗoriya ina jiran in samu Inna ni kaɗai, ga shi an kawo mini ita har gida. Na wanke labule, na sayo sabon kafet, har da ƙarin furanni.

Ƙarfen nan ya ƙi wucewa tsakanin kujera da tebur. Muka matsa tebur, ya tokare da durowa. Muka fitar da 'ya'yan tebur, aka samu hanyar taku biyar, daga ƙofar ɗaki zuwa kujerar da ke fuskantar kabad. Nan Inna take wuni. Wani lokaci ta nuna da hannun dama a ɗauko mata wata langa, ta ɗora a cinya tana shafawa, tana gaya wa maƙwabciyata shekarar da ta saye ta, da yadda gyaɗa ta yi kyau a shekarar, da wanda ya rako ta kasuwa. Ga maƙwabciyar take faɗa, ni ina gefe ina yankan alayyafo ina ji. A lokacin na ɗauka zaman banza ne yake sa ta surutu.

A rana ta shida ƙafar ƙarfen ta sarƙe da gefen sabon kafet. Inna ta tafi luu, ta dafa kabad, tangaram suka yi ƙara gaba ɗaya. Na tare ta kafin ta kai ƙasa. Amma ƙanena yana wurin, ya gani da idonsa. Washegari ma'aikaciyar gashi ta ce ƙafar ba ta samun aiki, tana bukatar fili inda za ta yi taku ashirin ba tare da ta kauce wa komai ba. Babu wanda ya kalle ni. Ƙanena ya yi gyaran murya ya ce, "Yaya, ko dai a gwada gidan auta, na ɗan lokaci?" Na ce ai duk ɗaya ne, lafiyarta muke nema. Na haɗa mata kayanta da hannuna, na raka su har bakin titi, na dawo na shiga bayi na yi kuka mai isata.

Kullum bayan an tashi makaranta sai in dafa abin da na san tana so in kai. In tarar da ita tana tafiya daga bango zuwa bango, ƙarfen yana ƙwas ƙwas a kan tayil, auta tana gabanta tana ja da baya tana tafi. Da rana a shimfiɗa mata katifa a falon ta sha iska, da yamma a naɗe. In masu dubiya sun zo daga Bungudu a jawo tum-tum. Cikin mako uku Inna ta fara ɗaga ƙafar ba ja ba. Ina jin ta tana kiran sunan auta tana dariya, tana cewa ta cika takura. Na yi farin ciki da sauƙin, wallahi na yi. Amma ina ajiye kular abinci sai in ji kamar ni ma 'yar dubiya ce. Falon da na yi shekaru ina zagi ya ƙwace mini uwa, kuma ba ni da bakin magana don gaskiyarsa ta fito.

Da aka ba da hutun makaranta na yanke shawara. Zan kwashe komai, in yi fenti, in shimfiɗa tabarma, in je in ce wa Inna ga fili nan, ta dawo gidan babba. Na gaya wa maigidana yana ɗaure igiyar buhu, zai tafi Tsafe kwana biyu sayen masara.

"Falonki na, yi yadda kinka gani," ya ce. "Ni dai a bar mani inda zan zamna."

Ban gaya wa kowa ba bayan shi. Ba na son auta ta ji ta ce na kwaikwaye ta, bayan duk abin da bakina ya faɗa. So nake sai an gama, su shigo su gani, in ce ai na daɗe da niyya. Sai maganar inda za a kai kayan. Na ga ɗakin Inna a Bungudu yana kulle ba kowa, ga shi da faɗi, ga tafiyar ba nisa. Na yi wa kaina kirarin dabara.

Da safe na kira mai a-kori-kura da 'yan dako. Na naɗe kwanoni da tsofaffin zannuwa, na cusa a kwalaye, ban tsaya duba wanne ne wanne ba. Aka fitar da kabad biyu, aka fitar da kujeru, aka ɗaure da igiya a ƙofar gida, rana tsaka, unguwa tana kallo. Na ga mata suna leƙe ta katanga. Wata tsohuwa da ke wucewa ta tsaya ta ce, "Allah shi kyauta, ɗiyata, Allah shi sa haka ya fi alheri." Na ce amin da fara'ata, ina tsammanin gyaran gida take yi wa addu'a. Na buga wa matar ƙanena waya na ce ga kaya nan tafe, a buɗe ɗakin Inna a zuba.

"Kaya? Waɗanne kaya, Yaya? Lahiya dai?"

"Kayan ɗakina. In na zo kya ji."

Na kashe waya na koma wurin mai fenti. Ni da aka haifa a Bungudu, na girma ina ganin abin da ake nufi in mota ta tsaya a ƙofar gidan iyaye da kayan ɗakin 'yarsu. A wurinmu kayan ɗakin mace hanya ɗaya suke bi, daga gidan uba zuwa gidan miji. Ba sa juyowa sai aure ya mutu ko mai su ta mutu. Na san wannan kamar yadda na san sunana. Amma kishi ya toshe mini kai, ban ga komai a ranar ba sai farin bango da Inna tana tafiya a gabansa. Sawu biyu motar ta yi.

Washegari da hantsi wayar maigidana ta shigo, muryarsa a sama.

"Ke, mi kinka yi? Tun asuba tsohuwata ta hana ni karin kumallo, wai in hwaɗa mata laihin da kinka yi mani na sake ki. Kawunki na Bungudu ya kira yayana. Ni da na baro ki lahiya lau!"

Kafin in haɗa amsa na ji tsayuwar keke a ƙofar gida, sai kuma ƙwas ƙwas a zaure. Inna ce, auta tana biye da ita riƙe da jaka, idanunta jajur. Inna ba ta jira an kama ta ba. Ta shigo falon, ta ratsa shi tun daga ƙofa har tsakiya, babu abin da ya tare ta, daidai yadda na yi ta hasashe. Muka zaunar da ita a sabuwar tabarma. Warin fenti bai gama fita ba.

"Ina mijinki?"

"Yana Tsafe, Inna."

"Takarda ya ba ki, ko da baki ya hwaɗa?"

"Wallahi ba abin da ya hwaru. Lahiya lau muke. Gyara na kawai."

"Gyara," ta maimaita. Auta ta ce tun jiya da magariba labari ya iso, Inna ba ta runtsa ba, da ƙyar aka hana ta fitowa a lokacin. Na durƙusa. Ban taɓa yi wa Inna magana kai tsaye a kan abin da ke raina ba, tsakaninmu babu wannan hanya. Ranar na yi.

"Don ke na yi, Inna. Don ki samu hilin tahiya, ki dawo nan. Nan ya kamata ki zamna."

Ba ni take kallo ba, bangon da kabad suka tsaya take kallo. Shafa ɗaya mai fenti ya yi, har yanzu ana ganin shatin inda suka jingina shekara da shekaru. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta yi magana a hankali, ba faɗa, ba ɗaga murya.

"Waccan ta ce ba ta so tun ba a kai mata ba. Na ji zahi, ya wuce. Ke kin amsa, kin riƙe shekara ashirin, ina zuwa ina ganin abina. Sannan kinka ɗaure su da igiya kinka maido mani har ƙohwar ɗaki, gari na kallo."

Karo na farko ke nan da na ji ta ce wa auta "waccan", ta ce mini "ke" a jimla ɗaya, kuma ban ji daɗin da na daɗe ina tsammanin zan ji ba. Na ce gobe-goben nan zan sa a dawo da su, kowanne in mayar da shi mazauninsa.

"A'a. Bar su can. Sun sha hanya, ba su shan ta sau biyu."

Ta miƙa wa auta hannu ta tashe ta. Ta sake ratsa falon zuwa ƙofa, tafiya mai kyau, ƙafar tana ɗaguwa. Suka hau keke suka koma.

Ranar Juma'a ni da maigidana muka tafi Bungudu cikin shiga iri ɗaya, muka bi gida-gida muna gaisuwa don a gan mu tare. Shi abin dariya ya zame masa, har yau in na ɓata masa rai sai ya ce in kira mai a-kori-kura. Daga can muka kira Tsafe aka kwantar wa surukata da hankali. Wannan duk ya gyaru cikin mako guda. Inna kuwa ta aika wa matar ƙanena cewa duk yarinyar da za a aurar a dangi, a buɗe ɗakin a ɗebar mata. Kujerun aka kai zauren ƙanena. Haka kayan suka fara tafiya kaɗan-kaɗan, ina jin labari daga nesa.

Sai bayan kusan wata guda, ina tsaye a aji ina rubutu a allo, akushin ya faɗo mini a rai. Ban ma tuna kwalin da na jefa shi ba. Ana tashi na hau mota zuwa Bungudu, na shiga ɗakin ina buɗe kwalaye, gumi yana zuba. Matar ƙanena ta leƙo ta ce, "In baƙin akushin nan kike nema, ai Inna ta aiko an ɗauke shi tun satin farko." Na ji sanyi a raina. Na ce ashe ta ware mini shi. Ta huce, za ta kira ni ta sake damƙa mini, ko ta ba da a ba ni kamar yadda ta saba. Na yi kwana huɗu ina kai abinci ɗakinta a gidan auta ta ƙofar baya, ina jira, ba ta ta da maganar ba.

A rana ta biyar na shiga ta falo. Yana cikin alkukin nan na bangon gabas, shi kaɗai. An shafe shi da man gyaɗa, hasken taga yana sauka a kansa. Na matsa kusa. Ashe akwai zane a bakinsa, layi uku da aka ƙona da wuta, sun zagaye shi. Ashe ya taɓa tsagewa a gefe, wani ya ɗinke shi da siririyar waya, ɗinki mai kyau. Shekara ashirin yana gidana ban san da ko ɗaya ba. Duk falon ya koma kamar don shi aka gina shi.

Auta ta fito daga kicin ta gan ni tsaye. Ta goge hannu a zani ta ce a hankali, "Ni na roƙa, Yaya. Tun ina ƙarama nike son shi. Ranar da anka kai maki shi har kuka na yi, an ce na ɗiyar fari na. Ban taɓa iya tambayarki ba. Naki na, in kina so ki ɗauka."

Hannuna har ya tashi. Ina so, ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so baƙin itacen nan a wannan lokaci ba. Inna tana zaune a tabarma tana jan carbi, na ɗauka ba ta jin mu. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Bar shi nan. Nan ana ganinai."

Na sauke hannuna. Na ce ai dama kallo kawai nake yi.

Inna ta warke har ta ajiye ƙarfen ta koma sanda, amma ba ta koma Bungudu ba, kuma ba ta dawo gidana ba. Tana wurin auta. Falona yanzu ya zama irin wanda na yi shekaru ina kishi: tabarma, benci, tum-tum, iska ta ko'ina. Asabar ɗina ta zama tawa, bayana ya daina ciwo, matan unguwa suna kawo ƙawayensu su gani, har biyu sun kwaikwaya. Wasu Juma'o'in auta takan kawo Inna ta wuni. Ta shigo ba abin da ya tare ta, ta zauna daidai inda kujerarta take a da, ta fuskanci bangon nan. An yi masa shafa uku, shatin ya ɓace tuni. Takan daɗe tana kallonsa, ni ina gefe ina yankan alayyafo, babu langar da za ta nuna a ɗauko mata. In la'asar ta yi sai ta ce, "To," ta nemi sandarta.